Baƙon da Bai Iya Gaisuwa Ba: Harshe, Bangaskiya da Maƙwabtaka a Ƙasar Waje



Batun da muka ɗauko yau ya shafi 'yan uwanmu da ke zaune a ƙasashen waje, musamman masu bin Almasihu daga cikinsu, ko da yake za ku ga kowa yana da kaso a ciki. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: wanda ya shafe shekaru a wata ƙasa bai koyi harshen mutanenta ba, bai kuma san maƙwabcinsa ba, ya tauye kansa, ya tauye bangaskiyarsa, idan kuma marubuci ne, ya dawo mana hannu Rabbana. Za mu kawo hujjojinmu, mu kuma saurari uzurin masu uzuri, domin wasu uzurorin suna da ƙarfi.

Mu fara da yadda abin yake faruwa. Matashi ya samu gurbin karatu a Jamus, ko Turkiyya, ko Rasha, ko Sin. An gaya masa da Turanci za a koyar, sai hankalinsa ya kwanta. Yana sauka sai ya tarar Turancin iyakarsa ƙofar aji. Direban bas, mai gidan haya, mai sayar da burodi, ma'aikaciyar jinya da ke tambayarsa inda ke masa ciwo, duk da harshen ƙasa suke magana, haka ma takardar da ofishin shige da fice ya aiko masa. Mutumin da a gida shi ake ba jawabin godiya a wurin biki, shi ke jagorantar addu'a a ƙungiyar matasa, yanzu ya koma nuni da yatsa kamar yaron da bai fara magana ba. A yi raha a gabansa kowa ya yi dariya, shi ma ya yi murmushi don kada a gane bai ji ba. Wannan kunyar tana da nauyi, ita ce kuma take sa mutum ya fara gudun jama'a. Ya ji motsi a matattakala, sai ya dakata a bayan ƙofa har maƙwabcin ya wuce.

Sai ranar Lahadi ta zo, wani ya kai shi majami'ar 'yan gida. Nan zai ji waƙoƙin da ya sani tun yana ƙarami, ya ci shinkafa dafa-duka bayan sujada, a nuna masa inda ake samun ɗaki mai sauƙi da kantin da ke sayar da manja da busasshen kifi. Duk wanda ya taɓa zaman baƙunci ba zai raina wannan ni'ima ba. Ikilisiyoyin 'yan Najeriya sun bazu sosai a waje: Redeemed kaɗai tana da ɗaruruwan rassa a Birtaniya, ECWA ma tana da majami'u a Amurka. Sun share hawayen mutane da yawa. Matsalar tana farawa ne ranar da mafaka ta zama mazauni na dindindin. Mako ya koma kusurwa uku: ɗaki, aji ko wurin aiki, sai coci. Da dare kuma a buɗe WhatsApp a koma unguwar da aka baro. Shekara huɗu ta wuce, mutum ya san hanyar filin jirgi kamar tafin hannunsa, amma bai san sunan tsohuwar da ƙofarta ke kallon tasa ba.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya fi yi wa mai jin Hausa wuya, kuma dalilin yana cikin tarihinmu. Hausa ta shagwaɓa mu. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro, duk inda suka yada zango sai Hausa ta zama harshen ciniki. Har yau a zangon Kumasi, ko Nima da Sabon Zango a Accra, mutanen da asalinsu ba Hausawa ba ne da Hausa suke gaisawa. Wanda ya tashi daga Kano ya bi ta Maraɗi har Agadas ba ya neman tafinta. A cikin ikilisiya ma haka abin yake. Ɗan Berom da ɗan Ngas da ɗan Tangale da ɗan Bajju sukan haɗu su yi sujada da Hausa, shi ya sa manyan sunaye irin su Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya suke da Hausa. An saba ganin wasu suna shan wahalar koyon harshenmu, har ma akwai kalmar ba'a da ake jifan mai karya Hausa da ita, wadda aka ciro daga sunan wata ƙabila mai daraja. To ranar da mai wannan sabo ya sauka a Istanbul ko Berlin, shi ne mai karya harshe, kuma babu abin da ya shirya shi don wannan matsayi.

Sai dai akwai waɗanda suka riga mu sanin wannan darasi, kuma a cikinmu suke. Ɗan Kagoro ko ɗan Biliri da ya tashi da harshen gida, da Hausar kasuwa da majami'a, da Turancin makaranta, ya san cewa ba a koyon harshe sai an yi kuskure an sha dariya. Kakarsa a kasuwa ta koyi Hausa, babu allo babu littafi. Abin da ake bukata a Jamus shi ne irin ƙarfin halin wannan kaka.

Yanzu mu duba abin da bangaskiyar Kirista kanta ta ce, domin a nan ne muke ganin uzurin zama a rufe ya fi rauni. A sura ta 2 ta Ayyukan Manzanni, ranar Fentikos, mutane daga ƙasashe da yawa sun taru a Urushalima, kowa kuma ya ji saƙon da harshen da aka haife shi a ciki. Ku lura da alƙiblar abin. Da an so, da an sa dukan taron ya fahimci harshen manzanni. Abin da ya faru shi ne saƙon ya tashi ya je ya sami kowa a harshensa. Yesu da Aramiyanci ya yi magana, amma da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari, harshen da ya game kasuwanni da tashoshin jiragen ruwa na wancan zamani. Wani masani ɗan Gambiya, Lamin Sanneh, wanda ya koyar a Jami'ar Yale, ya gina littafinsa na 1989 a kan wannan: cewa fassara tana cikin jinin addinin Kirista tun ranar farko. Addinin da ya faro da shiga harshen wani, yaya mabiyinsa zai ce harshen maƙwabci bai dame shi ba?

Littafin bai ɓoye cewa abin yana da wuya ba. Gaba kaɗan, a sura ta 6, ikilisiya ta farko ta yi rikicinta na farko, kuma a kan harshe ne. Masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen matansu wajen rabon abinci na yau da kullum. Maganin da aka yi shi ne zaɓen mutum bakwai su kula da rabon, kuma dukansu sunayen Helenawa gare su. Wato inda harshe ya raba mutane, wanda ba a jin maganarsa shi ake mantawa, ko da a cikin gidan Allah ne.

Ga masu zaman baƙunci kuma akwai wasiƙa ta musamman. A sura ta 29 ta littafin Irmiya, annabin ya rubuta wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila. Mutanen nan ba da son ransu suka je ba, kuma akwai masu gaya musu cewa kwanan nan za su koma. Irmiya ya ce musu su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure, su nemi alherin birnin da aka kai su, su kuma yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Daniyel da abokansa a wannan Babila aka koya musu harshe da littattafan Kaldiyawa. Sun ƙi abincin sarki, sun ƙi yi wa gunki sujada, amma harshen sun koye shi har suka yi fice. Wannan ya amsa tsoron masu ganin cewa sajewa da mutanen gari zai narkar da bangaskiya. Daniyel ya san abin da ake ƙi da abin da ake karɓa, kuma harshe yana cikin abin karɓa.

Bulus ma haka. Da ya isa Atina, sai da ya zaga gari ya karanta abin da aka rubuta a kan bagadansu, sa'an nan da ya tashi magana ya kawo maganar mawaƙansu. A Urushalima, lokacin da taro ya taso masa, ya yi wa shugaban sojoji magana da Helenanci, ya juya ya yi wa taron magana da harshensu na gida, sai suka ƙara yin tsit. Labarin Basamariye a sura ta 10 ta Luka kuwa ya rufe ƙofar da ta rage: da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabci, mutumin da ya nuna baƙo ne daga al'ummar da ake ƙyama.

'Yan uwanmu Musulmi na wannan zaure ba baƙin wannan magana ba ne. Suratul Hujurat ta nuna cewa an yi mutane al'ummomi da ƙabilu domin su san juna, Suratur Rum ta lissafa bambancin harsuna cikin ayoyin Allah, haƙƙin maƙwabci kuma kowa ya san girmansa a Musulunci. Wanda ya musanya kalmar majami'a da masallacin 'yan gida a abin da muka faɗa a sama, zai ga hoton bai canja sosai ba.

Akwai wani ɗan ƙasarmu da ya kamata kowane marubucin Hausa ya san labarinsa, domin shi ya riga mu shiga wannan hali. Sunansa Dorugu. An haife shi a ƙasar Damagaram wajen 1840, aka kama shi yana yaro aka sayar da shi bawa a Barno. Wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya 'yanta shi, bayan rasuwar Overweg a 1852 kuma ya koma hannun Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da Abdulkarim. Ya bi Barth har Tambutu, suka dawo, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, a 1855 suka isa Landan tare da abokinsa Abbega, ɗan ƙabilar Margi. Ku auna: yaro ɗan shekara goma sha biyar ko kusa da haka, ba uwa ba uba, ba waya, ba majami'ar 'yan gida, a cikin sanyin Ingila.

A can ya zauna a gidan wani mai wa'azin bishara Bajamushe, James Frederick Schön, wanda ya shiga tafiyar Kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kamu da son Hausa, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Sai aka yi musaya. Dorugu ya koyi Turanci da karatu da rubutu, aka yi masa baftisma da suna James Henry. Schön kuma ya zauna gaban yaron yana rubuta Hausa daga bakinsa. Wannan zama ya taimaka wajen nahawun Hausa da Schön ya fitar a 1862, da ƙamusunsa na 1876, da fassarar sassan Littafi Mai Tsarki. A 1885 aka buga Magana Hausa, wanda ke ɗauke da labarin rayuwar Dorugu da tafiye-tafiyensa kamar yadda ya faɗa da bakinsa. Yana cikin labaran rayuwa mafi daɗewa da muke da su a rubuce da Hausar boko. A ciki Bahaushe ne yake kallon Turawa, yana bayyana yadda suke zama a teburi da yadda suke cin abinci, da idon wanda ya shiga gidajensu ya zauna. Ya dawo gida a 1864, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, ya rasu a 1912.

Ba za mu shafa wa labarin zuma ba. Dorugu yaro ne da bauta ta raba da iyayensa, ba shi ya zaɓi tafiyar ba, kuma sunan Schön ne a bangon littafin. Duk da haka, abin da ya bar mana ya samu ne saboda ya buɗe kunne ya buɗe baki a ƙasar da ba tasa ba. Da ya zauna a lungu yana jiran ranar komawa, da babu abin da za mu karanta yau. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Likita Walter Miller, kafin ya shigo ƙasar Hausa a 1900, sai da ya je Tarabulus ya zauna cikin Hausawan can yana koyon harshe. Shi ne ya zama ginshiƙin fassarar da ta kai ga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Duk mai riƙe da wannan littafi a majami'a, yana riƙe da sakamakon wahalar wani baƙo da ya yarda a yi wa lafazinsa dariya. Bashi ne a kanmu, kuma hanyar biyansa ita ce mu ma mu koyi harshen wasu.

To mu saurari masu uzuri. Na farko zai ce: addu'a da harshen uwa ta fi shiga rai, me ya sa za a raba ni da ita? Babu mai raba ka da ita. Mutum yana bukatar wurin da zai yi kuka da harshen da aka yi masa rarrashi da shi. Abin da muke cewa shi ne majami'ar 'yan gida ta zama rijiyar da ake ɗiban ruwa a fita da shi. Shugabanninta su ma suna da aiki. Fasto da ya ga mambansa ya shekara uku bai iya gaisuwar gari ba, ya kamata abin ya dame shi kamar yadda rashin zuwa sujada yake damunsa.

Na biyu zai ce babu lokaci, kuma wannan uzuri ne na gaske. Wanda ke aikin dare a gidan kula da tsofaffi, da safe ya tafi aji, ga 'yan uwa a gida suna jiran aike, ba a yi masa wa'azin lalaci. Amma a duba abin da ke akwai. A Jamus, kwas ɗin da gwamnati ta tsara wa baƙi yana da sa'o'i 600 na harshe da wasu 100 na sanin doka da tarihi da al'ada. Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya yana haɗawa da shekara guda ta koyon Turkanci, jami'o'in Rasha ma suna da shekarar share fage. Mutane da yawa sukan ɗauki waɗannan a matsayin shingen da za a tsallake a karɓi takarda, su ci jarrabawa su ajiye harshen a aji. Harshen da ba a kai shi bakin ƙofar maƙwabci ba, wata shida ya ishe shi ya bushe. Wanda ba shi da sa'o'i 600 kuwa yana da minti biyu a matattakala.

Na uku zai ce su mutanen ba sa son mu. Wariyar launin fata gaskiya ce. Akwai wanda za ka gaishe shi ya kau da kai, akwai mai gidan da zai ji lafazinka a waya ya ce an riga an kama ɗakin. Ba mu ce kowa zai buɗe ƙofa ba. Amma a tuna cewa yawancin waɗannan ƙasashe suna fama da kaɗaici, har Birtaniya ta naɗa ministar da ke kula da matsalar a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Tsohon da ya ɗaure fuska a bene na uku, mai yiwuwa kwana uku ke nan babu wanda ya yi masa magana. Mu kuwa daga ƙasar da gaisuwa kaɗai takan ci minti biyar muka fito, a tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi iyali da sanyi. Wannan dukiya ce da muka je da ita, harshe ne kawai ya kulle ta a akwati.

Na huɗu zai ɗaga wayarsa ya ce ga manhajar fassara. Tana da amfani a asibiti da ofis, a yi amfani da ita. Amma babu wanda ya taɓa yi wa maƙwabci ta'aziyya ta allon waya har ta kai zuci. Kalma uku karyayyu da aka faɗa da baki, ido cikin ido, sun fi jimla goma daidaitattu daga na'ura, domin wahalar da ka sha wajen faɗarsu ita ce kyautar.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya zama dole ga mu masu bi. Maƙwabci ba ganima ba ne. Abotar da aka ƙulla da ƙugiya a ciki, wadda manufarta kawai a ja mutum zuwa coci, ana jin warinta daga nesa, kuma ranar da ya ce a'a takan mutu. A wasu ƙasashen ma akwai doka: a Rasha, tun 2016 an taƙaita wa'azi a wajen wuraren ibada. Basamariyen nan bai tambayi wanda ya tsinta a hanya addininsa ba, bai kuma bar masa sharaɗi a masauki ba. A san mutum don shi mutum ne. In ya tambayi abin da ka dogara gare shi, ka amsa da gaskiya da ladabi. In bai tambaya ba, maƙwabcinka ne har gobe.

Ta ina ake farawa? Da ƙananan abubuwa. A fara haddace gaisuwa, godiya, neman gafara, barka da ta'aziyya kafin a shiga nahawu. A nemi taimako, domin matambayi ba ya ɓata, kuma wanda ka tambaya ka girmama shi: a Jamus, tambayar wace shara ake zubawa a wace kwandon ta isa ta buɗe hira. A Turkiyya, kwanon da maƙwabci ya aiko da abinci ba a mayar da shi wayam, al'adar da ba sai an koya wa Bahaushe ba. Inda akwai majami'ar 'yan ƙasa, a riƙa zuwa ko sau ɗaya a wata, ko da kashi ɗaya cikin huɗu ake fahimta. Mai bi yana da wata dama da sauran ɗalibai ba su da ita: ya riga ya san Addu'ar Ubangiji da labaran bishara da ka, don haka in ya ajiye na Hausa da na harshen ƙasar gefe da gefe, ya samu littafin koyo wanda ya san ma'anarsa tun kafin ya buɗe. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma fuskar tana bukatar kalma ko da ɗaya ce ta raka ta.

Mu dawo kan alƙalaminmu, tunda shi ya tara mu. Ku tuna littattafan da muka karanta, da waɗanda muke rubutawa, inda ake kai jarumi Landan ko Dubai ko Indiya. Sau nawa harshe ya taɓa ba shi wahala? Yakan sauka daga jirgi, mota ta ɗauke shi, ya shiga kanti, ya dawo da turare da digiri. Ƙasar wajen ta zama labule mai ado da aka rataya a bayan labarin soyayya, babu ɗan ƙasa ko ɗaya mai suna da hali. Alhali muna da gadon rubutun tafiya. Bayan Dorugu, Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yau 'yan uwanmu da ke waje sun ninka na wancan zamani nesa ba kusa ba, amma labarin zamansu na gaskiya, da kunyarsa da kaɗaicinsa da abin dariyarsa, kaɗan ne ya shigo Hausa. Na Kiristoci masu jin Hausa kuwa ya fi ƙaranci.

Ga abin da muke ba da shawara ga mai son gwadawa. Ka bar jaruminka ya rasa bakin magana. Mai karatu zai fi kusantar mutumin da ya tsaya a kantin magani yana kwatanta ciwon ciki da hannu fiye da wanda komai ya zo masa da sauƙi. Idan ɗan ƙasar yana magana da harshensa, ka rubuta maganarsa da Hausa tsantsa mai kyau, domin a harshensa shi ma fasihi ne. Jaruminka ne ya kamata Hausarsa ta yi gajerun jimloli masu tuntuɓe a wannan fage, don mai karatu ya ji nauyin harshen a bakinsa. Kada ka cika shafi da kalmomin waje don a san ka yi tafiya. Guda ɗaya da labarin ya rataya a kanta ta isa, misali kalmar farko da jarumin ya fahimta ba tare da an fassara masa ba. Ka ba maƙwabcin suna, da sana'a, da abin da yake tsoro, da abin da ke ba shi haushi game da jaruminka, domin shi ma yana da nasa gefen labarin. Idan bangaskiya ta shigo, ka nuna ta a aikace, a abin da mutum ya yi da ƙarfe biyun dare da ya ji tsohuwar maƙwabciyarsa ta faɗi, ka bar wa mumbari huɗuba. In kuma daga bakin wani ka ɗauko labarin, ka nemi izininsa, ka ba shi haƙƙinsa, kada a maimaita abin da ya sami Dorugu.

Wanda bai taɓa fita waje ba, kada ya ce wannan ba tasa ba ce. Baƙon da bai iya gaisuwa ba yana nan a unguwarmu: ɗan bautar ƙasa daga Kudu da aka turo ƙauyenmu, ɗan gudun hijira daga bakin Tafkin Chadi, matar da aka auro daga wata ƙabila take zaune shiru a tsakar gida ana hira a kanta. Abin da ɗan'uwanmu yake ji a Berlin, shi suke ji a Gusau ko Zangon Kataf. Marubucin da ya zauna da ɗayansu na awa guda, ya koyi gaisuwarsa, ya riga ya samu rabin labarinsa.

Aikin wannan mako ke nan ga mai sha'awa: shafi ɗaya, mutum biyu da ba sa jin harshen juna, da wata bukata da dole a biya ta kafin gari ya waye. Waɗanda ke waje kuma muna roƙonsu su gaya mana kalmar farko da suka koya a inda suke, da wanda ya koya musu ita. Masu ganin mun yi tsauri a kan majami'un 'yan gida, muna jiran hujjarsu.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.